Dodon Jikana Ya Cire Takalmi a Kalgo

Mun bar Gwandu ana fitowa daga sallar asuba, gari bai gama rabuwa da duhu ba. Mu uku ne: ni, da ɗana na fari wanda bakina bai saba kama sunansa ba, da matarsa, wadda ita ce ke rubuta wannan labari yadda nake faɗa, don ni ban san alli ba balle biro. Tun da na dawo matan unguwa suka hana ni sakat, kowacce ta shigo sai na sake daga farko. To ga shi a rubuce, kowa ta sa a karanta mata, in huta.

Abin da ya fitar da ni daga ɗakina, jikana ne, na fari wurin ubansa. Ya tafi Kalgo koyon gyaran waya. Ana nan ana nan, sai muka ji ya haɗa kai da wasu samari suna yin fim. Uban kuwa ya gyara masa fili a fadama wajen Maruda, ya nemo injin ban ruwa, yana jiran ya dawo su dasa albasa. Yaro ya aiko a bar shi, ya samu sana'a. Uba ya ce wasa ba sana'a ba ne. Magana ta yi tsawo, uwa na tsakani tana ramewa, har ranar da ɗana ya tsuguna bakin ɗakina ya ce, "Inna, sun ce ran Asabar za su nuna abin nasu. Mu tahi ki gani da idonki. In kin ce ya dawo, ya dawo. In kin ce a bar shi, na bar shi." Na ce to. Kaya ne aka ɗora mini, ban kuwa raina nauyinsa ba, don hanyar abincin mutum za a yanke da bakina.

A tasha muka tarar da ƙaramar bas tana jiran cika. Da direba ya faɗi kuɗin mota sai da na ce ya maimaita. Na ce, "Ɗana, Kalgo za ni, ba Makka ba." Direba ya ce, "Inna, ba mu ba ne, mai ne." A zamanin da aka kai ni ɗaki, da irin wannan kuɗi ake sayen tunkiya da ɗanta, har a yi wa dillali alheri. Amma ya girmama furfura, ya ba ni kujerar gaba. Abin da bai gaya mini ba shi ne akwai zabi biyu ɗaure ƙarƙashin kujerar, waɗanda suka ɗauki diddigena hatsi tun daga Gwandu har Birnin Kebbi.

Hanya, wani wuri sumul kamar tafin hannu, wani wuri kamar bayan kada. Kaka ta yi kyau bana, alhamdulillahi. Gero an yanke, ga dami jingine da dami, shanu sun bazu cikin kara suna kiwo, matan Fulani na tafe jere da ƙore a ka za su cin kasuwa. A Ambursa direba ya tsaya duba taya, surukata ta sayo masa mai zafi a leda. Masar ta yi laushi, sai dai ta ƙanƙance. Yanzu masa ɗaya ba ta rufe tafin jariri. Na ci, na miƙa wa ɗana, ya girgiza kai. Tun da muka tashi carbi kawai yake ja yana kallon gonakin mutane.

A Birni muka sauya mota. Masu kabu-kabu suka yanyame mu, wani har da cewa babur ɗinsa ba ya girgiza tsofaffi. Na ce masa ƙashin da na kawo duniya da shi nake so in koma, muka shiga mota. Daga Birni zuwa Kalgo kuwa ban gama cin goro ɗaya ba muka iso. Can shinkafa ce ke mulki. Ko'ina ka duba ana bugu a jikin ganga, ana sheƙa, buhuna tsaye bakin titi kamar masu jiran mota.

Jikana na tsaye a tasha. Ya rame, wuya ya fito, amma idon nan na sheƙi. Yana hango ni ya daka tsalle.

"Amarya ta iso! Kai, amma kin tsufa a hanya."

Na ce, "Miji marar cefane, mi ka aje da za ka tarbe ni da shi?"

Ya ce, "Dodo na aje miki."

Ya juya ya durƙusa har ƙasa ya gaida ubansa. Uban ya amsa yana kallon wata bishiya. Kada ku ce fushi ne kaɗai. Haka muka gada, uba ba ya sakin fuska ga ɗan fari, ko sunansa ba ya kamawa. Ni ma haka na yi wa shi uban. Amma ranar akwai fushin a ciki, na gani.

Bayan azahar aka kai mu inda za a nuna. Gidan kallon ƙwallo ne, rumfar kwano da bencina, da babbar talabijin a gaba, janareto na kuka a waje. Mata ba su saba shiga ba, sai suka ware mana benci guda a gefe. Tsohuwa dai ba ta da ƙofar da aka hana ta. Ɗana ya zauna ƙarshen bencin maza, dab da ni. Wuri ya cika maƙil: ɗalibai, masu kabu-kabu, masunta, da manoma da ƙaiƙayi bai bar gashinsu ba. Aka rufe ƙofa da bargo, zafi ya ce ga ni. Na tambayi jikana, "Dodon naka aljani ne?" Ya ce, "A'a, Kaka. Daga wata duniya yake, can bayan taurari, inda ruwa ya ƙare ƙaf. Ruwa ya zo nema." Na ce ikon Allah. Ban san ko akwai irin wannan wuri ba, ban kuma ce babu ba.

Aka fara. Ga sama, ga fadama, sai ga jirgin baƙon yana saukowa yana juyi. Ban gama fahimtar abin da nake gani ba surukata ta damƙe hannuna ta ce a kunnena, "Inna, murfin tukunyata!" Wallahi shi ne. Murfin babbar tukunyarta ta biki, wanda ta yi wata da watanni tana nema, ga ma ɗigon jan fenti da ta sa masa alama. An rataye shi da zaren fatsa baƙi, zaren na nan ɓaro-ɓaro tun daga sama har ƙasa. Mutane suka fara ƙus-ƙus.

Labarin dai shi ne, jirgin ya faɗi cikin shinkafa, wani malamin binciken ƙasa ya tsinci dutse mai ƙyalli a wurin ya kai ɗakin bincikensa. Ɗakin binciken shagon mai kemis ne, na gane kwalayen maganin tari a bayansa, ruwan gwajin da yake zubawa daga kwalba zuwa kwalba kuwa zoɓo ne da kunun aya. Wannan malami ya tsaya ya yi ta Turanci, ya yi ta Turanci, har wani dattijo a bayanmu ya fara gyangyaɗi. Wannan aibi ne babba, na riƙe shi. Mai ba da labari ba ya tsayawa tsakiyar daji ya yi wa'azi. Ga shi kuma ya shiga ɗaki ba gemu, ya fito da gemu. Ya ruga cikin shinkafa tana kore shar, ya waiwaya an girbe ta. Wani manomi ya ɗaga murya ya ce, "Wanga dodo ya yi muna girbi, Allah shi yi mai albarka!" Aka kwashe da dariya. Daga baya na ji ashe aikin ya tsaya ne da kaka ta kama, kowa ya tafi gonar gidansu. Murya ma ba ta fita sosai, zakara na cara a inda aka ce dare ne, har akwai wata mata daga bayan katanga tana kiran a zo a ɗauki niƙa.

Na saci kallon ɗana. Kansa na ƙasa.

To, ana nan, sai aka nuno wata matar aure ta zo rijiya da guga. Ba kiɗa, ba magana, sai kukan kwaɗi daga fadama. Ta jefa guga, ta jawo, ruwa rabi. Ta sake jefawa, ta jawo, danshi kawai. Ta sake jefawa, guga ya fito a bushe ƙamas, har da ƙura. Sai kwaɗin nan suka yi shiru gaba ɗaya. Jama'a, ban san shiru na da nauyi haka ba. Ta sake sakin guga a hankali, sai igiya ta fara zamewa daga hannunta, ba fizga ba, ja kaɗan-kaɗan kamar jariri na tsotso. Ta leƙa. Ba a nuna mana abin da ta gani ba. Sai ga mijinta ya zo nemanta, ya same ta zaune ta jingina da bakin rijiya. Ya kira, ba ta amsa ba. Ya dafa kafaɗarta ya juyo ta, fuskar nan ta bushe ta tsattsage kamar gindin tafki da bazara. An shanye ruwan jikinta tas.

Goron da ke bakina ban san lokacin da na daina taunawa ba. Rumfar nan, mai ɗauke da mutum fiye da yadda ta kamata, ko tari babu. Dattijon da ke gyangyaɗi ya farka yana salati. Kusa da ni kuwa na ji an ce "Innalillahi" da ƙarfi, na duba, ɗana ne, ya ɗauke ƙafafunsa biyu daga ƙasa ya ɗora kan benci. Mutum mai furfura a gemu. Na ga wannan, na ajiye a raina.

Laka ce fa kawai suka shafa wa yarinyar ta bushe a rana. Laka da igiya da guga. Kuma abin ya kama ni ne don na san ƙishi. Na ga shekarar da muka riƙa kwana bakin rijiya muna jiran ta tara abin da za a jiƙa maƙoshi. Mai jin ƙishi ba mugu ba ne, amma ya fi mugu haɗari, don ba a ba shi haƙuri. Yaran nan sun gane wannan, ba wanda ya koya musu.

Da sun tsaya nan, da na ce ba su da na biyu. Sai suka fito da dodon fili, rana tsaka. Buhunan taki aka ɗinka masa, aka lulluɓa tsohuwar koma ta kamun kifi, ido ɗaya fitilar babur, baki kuwa mesar ban ruwa tana reto. Yana tafiya yana tattare buhu kada ya taka. Duk tsoron da aka tara ya fara tsiyaya. Ya nufi gidan wani tsohon masunci zai shanye shi, tsoho na zaune kan tabarma a zaure. Dodo ya iso bakin zaure, ya tsaya. Sai muka ga ƙafa ta fito daga ƙarƙashin buhu ta zame silifa, ɗayar ma ta zame. Ya jera su gefe. Sannan ya shiga a sunkuye, ya rusuna gaban tsoho. Tsohon ma har ya ɗaga hannu zai amsa gaisuwa, kafin ya tuna ihu aka ce ya yi.

Rumfa ta tashi. Wasu na dukan benci, wasu na riƙe ciki. "Dodo mai tarbiyya!" "Ɗan gidan wa ne? A ba shi mata!" Ni da ba a saba ganin haƙorana ba, sai da hawaye ya zubo mini. Surukata ta cusa fuska cikin mayafi tana rawar kafaɗa.

Ƙarshen kuwa an yi shi da gaggawa, kamar mai tatsuniya da ta ji tuwonta na ƙonewa. Suka cika ganga da ruwan kanwa da gishiri, dodo ya zuƙe, ya faɗi yana shure-shure cikin hayaƙin ƙaiƙayi, aka ce ya mutu. Dabarar ta yi mini, don ta gida ce, kowace mace ta san abin da gishiri ke yi wa mai ƙishi. Amma ba wanda ya tsaya ya ji tausayin baƙon da ya baro ƙasarsu don ruwa, kuma ba a gaya mana ko rijiyoyin sun dawo ba.

Muka fito haske. Jama'a na ta tsokanar wani dogon saurayi, ashe shi ne dodon, yana ta sunne kai. Ɗana ya matso ya ce, "Kin gani, Inna. Gari guda na yi mai dariya." Bai rage murya ba. Jikana na tsaye bayanmu, ya ji, na ga fuskarsa ta faɗi kamar an sace iskar taya. Na ce, "Ba na yanke magana da ciki wayam. A kai ni masauki."

Gidan 'yar ƙanwata muka sauka, wadda ke aure can. Muka yi la'asar, ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, kifin kuwa ɗanye ne na ranar, ba irin busasshen da ke iso mana Gwandu ya sha hanya ba. Na ci, na wanke hannu, na sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Uba a dama, ɗa a hagu can nesa, uwa a bakin ƙofa.

Na ce, "Maigida, mi ya sa dodonka ya cire takalmi?"

Ya ce, "Kaka, tsohon nan kawunsa ne, wan uwarsa. Mun sake ya fi a ƙirga. In na ce ya faɗa mai da gudu, sai ya ce to, in ya iso bakin zaure sai jikinsa ya ƙi. Wanda kika gani shi ne mai dama-dama. A sauran har sallama yake yi."

"Ba wani tsoho a Kalgo sai kawunsa?"

"Shi kaɗai ya yarda ya yi muna kyauta."

Na jinjina kai. Na juya wurin ɗana na ce, "Kai kuma, lokacin rijiya, ina ƙafafunka suke?"

Ya ce, "Cinnaka ne, Inna."

Na ce, "Cinnakan Kalgo malami ne, tunda har salati yake sa mutum."

'Yar ƙanwata ta ruga madafa da dariya a baki.

Sannan na yi maganata. Na ce na shekara da shekaru ina tara yara a tsakar gida ina ba su labari, shi uban da ke zaune nan ma a cinyata ya ji nasa. Abin da na sani shi ne dariya ba ta kashe mai labari, hamma ke kashe shi. Yau an yi hamma wurin Turanci, wannan gaskiya ne. An yi dariya inda ba a shirya dariya ba, wannan ma gaskiya ne. Amma cikin zafin nan ba wanda ya tashi ya fita, kuma akwai lokacin da yaron nan ya riƙe numfashin rumfa guda da igiya da guga. Wannan ba a sayen sa a kasuwa. Murfin tukunya da buhun taki rashi ne, rashi kuwa yana wucewa. Na ce, "A bar shi."

Na juya ga jikana kafin murna ta ɗauke shi. Na ce dodo ba ya fitowa rana tsaka, wanda aka gani duka ya zama ɗan'uwa. Na ce ya rage wa malaminsa baki. Na ce kada ya ƙara aika ɗa ya cinye kawunsa a ƙasar nan, ba zai ciwu ba. Na ce makon dashe ya zo ya kama wa ubansa, fim ba ya ruɓewa, irin albasa kuwa yana ruɓewa. Uwar ta ce daga bakin ƙofa, "Da murfina." Ya ce da murfinta.

Ɗana ya tashi ya sa takalmi ya tafi masallaci tun ba a kira magariba ba. Na san abin da na ɗora masa. Ya gyara fili da sunan ɗa, yanzu sai ya nemi hannun wani, ga baya da ya fara ciwo. Ban ji daɗin wannan ba, ban kuma janye ba.

Da safe muka sha koko da ƙosai, aka cika mana leda da soyayyen kifi, muka kamo hanya. Murfin tukunya na kan cinyar mai shi, ta rungume kamar za a sake sacewa. Wannan karon ba zabi, sai wani mai buhun barkono da ya sa mota duka atishawa har Ambursa. Ina kallon hanya ina juya abin da na gani. Na fahimci abin da rashi ya hana yaran nan nunawa shi ya fi tsoratarwa, abin da suka kashe ƙarfinsu a kai kuwa shi ya ba da dariya. Na fahimci ɗan ƙasarmu ko buhu ka ɗinka masa ka ce daga taurari yake, ba zai taka tabarmar babba da takalmi ba, kuma ban ga abin kunya a nan ba. Na kuma fahimci da na zauna ɗakina na yanke da jita-jita, da na zalunci wani. Ko na yanke daidai, Allah ne masani. Na dai yanke da abin da idona ya gani.

Rana na tsaka muka shigo Gwandu. Muka sauka, muka taka zuwa gida. Sai da muka zo zaure, ni ina gaba, na ji ɗana ya tsaya. Ya yi gyaran murya, ya ce wa matarsa, yana kallon bango, "In kin yi waya da wancan yaron, ki ce mai zaren fatsa fari ake sawa, siriri. Shi ba ya fitowa a hoto. Akwai ragowa cikin akwatina, in zai koma ya ɗauka."

Ya wuce ciki da sauri. Ni da ita muka dubi juna. Na shiga ɗakina na miƙe ƙafa, na ce alhamdulillahi.